Labarin Isawa

Duk wanda ya zauna gaban malami da allo a ƙasar Hausa, ko a Talata Mafara ne, ko Bakura, ko Maradun, ko wani gari can dabam, ya ji sunan Annabi Isa ɗan Maryamu, alaihissalam. An ambaci sunansa sau 25 cikin Alƙur'ani, akwai kuma sura guda wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa. Musulmi sun gaskata an haife shi ba uba, ya yi magana tun yana cikin zanen goyo, ya warkad da makaho da kuturu, ya ta da matacce, duka da iznin Allah. Amma duk da wannan girma, a wurinsu shi bawan Allah ne, manzo cikin manzanni. Kirista kuwa, waɗanda ke kiransa Yesu Almasihu, ba su tsaya nan ba. Su sun ce shi Ɗan Allah ne, watau Allah ne da kansa ya zo duniya cikin jikin ɗan Adam, aka gicciye shi domin zunuban mutane, ya tashi daga matattu a rana ta uku.

Sau da yawa akan ji mutum ya ce ai duk tafiyar ɗaya ce, tun da kowane addini ya hana sata da ƙarya da zina, ya yi umurni da jin ƙai. Mai wannan magana alheri yake nufi, so yake maƙwabta su zauna lafiya. Amma a tarihin Kano da Zazzau akwai labarin waɗansu mutane da suka ba da ransu kan wannan batu, kuma labarin nasu ya nuna abin bai zo da sauƙi haka ba. Su ne ake kira Isawa.

Asalin abin daga Kano ne, zamanin Sarki Abdullahi ɗan Ibrahim Dabo, wanda aka fi sani da Maje Karofi. Shi ya hau gadon sarauta a 1855, watau kamar shekara hamsin bayan tashin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A lokacin nan malaman karkara da yawa ransu a ɓace yake. Suna ganin an yi jihadi don a kau da zalunci, ga shi kuwa haraji ya dawo, har ya kai ana bin malamai da shi. Tun wajen 1846 wani Malam Hamza na Tsakuwa ya ƙi biya, ya kwashi jama'arsa ya shige duwatsun Ningi, inda magadansa suka kafa mulki, suka yi ta kai wa ƙasar Kano hari shekara da shekaru.

Ban da wannan, akwai maganar ƙarewar duniya. Shekara ta 1300 ta Hijira tana matsowa, ita ce ta faɗo a ƙarshen 1882, mutane kuwa suna ta zancen bayyanar Mahadi, da fitowar Dujal, da saukowar Annabi Isa wanda zai kashe Dujal ya shimfiɗa adalci. To, malamin da ya ga zamani ya lalace, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta koma ga Annabin da aka ce shi zai sauko ya gyara.

Cikin malaman birnin Kano akwai wani Malam Ibrahim. Shi wannan malami ya duƙufa kan ayoyin da suka yi maganar Annabi Isa, yana bin su ɗaya ɗaya, daga Suratu Ali Imrana zuwa Suratun Nisa'i, zuwa Ma'ida, zuwa Maryam. Ya ga an kira shi Almasihu, an kira shi Kalma daga Allah da Ruhi daga gare Shi, an kuma ce Allah ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Yadda zuriyar almajiransa suka riƙe labarin, daga nan ne ya yanke cewa Isa yana da wata daraja wadda ta ɗara ta sauran annabawa, shi ne kuma ya kamata a dogara gare shi. Ya fara karantar da haka, almajirai suka taru. A lura, a wannan zamani babu mishan ko ɗaya a ƙasar Hausa. Littafin da ke hannun Malam Ibrahim shi ne wanda ke hannun kowane malami a Kano.

Da magana ta kai fada, sai aka kira shi, aka nemi ya janye. Ya ƙi. Wajen shekarar 1867 aka kai shi Kasuwar Kurmi aka tsire shi a gaban jama'a. An ce kafin ya cika ya umurci mutanensa su fita daga birni, ya kuma faɗa musu wata rana Allah zai kawo waɗanda za su ba su cikakken labarin Isa.

Hukuncin ya yi tsanani ƙwarai, ko a ma'aunin wancan zamani. Amma ya kamata a gane dalilin da ya sa aka yi shi. Da a ce Malam Ibrahim wa'azin gaskiya da riƙon amana da tausayin maraya kaɗai yake yi da sunan Annabi Isa, da ba alƙalin da zai ko ɗaga kai ya dube shi, gama kowane malami a Kano yana faɗin haka. Abin da ya kai shi ga tsire shi ne matsayin da ya ba Isa. A wurin malaman fada, ɗora wani bisa Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallama, wanda shi ne cikamakin annabawa, fita ne daga addini. Ga kuma tsoron Ningi. Sarkin da ke fama da malamai 'yan tawaye a kan iyakarsa, ba zai so ya ga wani malami yana tara jama'a da baƙuwar magana a tsakiyar birninsa ba.

Almajiran suka watse. Suka zauna a ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci, waɗansu a gindin duwatsun Ningi, inda hannun sarakuna bai cika kaiwa ba. Su suna kiran kansu Bani Isra'ila, mutane kuwa suna ce musu Isawa. Nan suka yi ta noma, suna karanta Alƙur'aninsu, suna jiran alkawarin malaminsu, har shekara arba'in da 'yan kai.

Suna cikin wannan jira duniya ta juya. A 1900 wata ƙungiyar Turawan mishan ta C.M.S. ta iso Kano ƙarƙashin Bishof Tugwel, cikinsu har da wani saurayin likita mai suna Walta Mila, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Sarkin Kano Alu bai yi wata-wata ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Bayan Turawan mulki sun ci ƙasa, Likita Mila ya sami wurin zama cikin birnin Zariya a 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka hukuma ba ta sakar wa mishan mara ba. Likita ya yi shekaru yana wa'azi, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba.

Sai a 1913 waɗansu samari daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Suka ba shi labarin Malam Ibrahim, da kisan da aka yi masa, da alkawarin da ya bar musu. Mai karatu ya iya kwatanta irin murnar da Likita ya yi. Ga mutumin da ya daɗe yana shuka a kan fako, ran nan sai aka ce masa ga wata gona can ta yi yabanya ba da saninsa ba.

Amma fa da aka zauna aka yi magana, sai ta bayyana waɗannan mutane ba Kirista ba ne tukuna. Isan da suka sani shi ne Isan Alƙur'ani. Littafin nan kuwa da ya ba shi sunaye masu girma, shi ne kuma ya ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, ya ce Allah bai haifa ba, ba a kuwa haife Shi ba. A ƙarshen Suratul Ma'ida ma an nuna Isa da kansa yana barranta daga masu bauta masa. Ashe Isawa sun yi nisa da malaman Kano har an zub da jininsu, amma tsakaninsu da Likita Mila akwai sauran kogi.

A nan wani zai tambaya, me ya hana Likita ya karɓe su yadda suke? Mutane ne masu ƙaunar Isa, sun sha wuya dominsa, ga shi kuma sun zo da ƙafarsu. Amsar tana can baya ƙwarai, a wata gardama da Kirista suka yi a tsakaninsu tun Annabi Muhammadu bai zo duniya ba.

Wajen shekara 300 bayan zamanin Isa, an yi wani limamin Kirista a birnin Iskandariya ta Masar, sunansa Ariyus. Shi ya koyar cewa Almasihu ya fi kowace halitta girma, ta wurinsa aka yi kome, amma duk da haka shi ma halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Maganar ta raba kan jama'a, har Sarkin Rum Kustantin ya ga abin zai taɓa mulkinsa. A shekara ta 325 ya tara shugabannin Ikilisiya wajen 300 a wani gari mai suna Nikiya, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Bayan doguwar muhawara suka rubuta kalmomin shaidar bangaskiya, suka ce Ɗan da Uban zatinsu ɗaya ne, haifaffe ne, ba halitta ba. Bishof biyu kaɗai suka ƙi sa hannu, aka kore su daga ƙasa tare da Ariyus. Rigimar ba ta kwanta nan da nan ba, sai da aka sake wani taro a Kustantiniya a 381 aka ƙarfafa maganar.

Wanda ya fi kowa tsayawa kan wannan shi ne Atanasiyus, wanda ya zama bishof na Iskandariya, aka kuma kore shi daga kujerarsa har sau biyar. Hujjarsa ita ce ta nuna inda gizo ke saƙa. A ganin Kirista, ciwon ɗan Adam ba rashin sanin daidai ba ne. Kowa ya san sata haram ce, ɓarawo ma ya sani. Ciwon shi ne zunubi ya ɗaure mutum, ya raba shi da Mahaliccinsa, mutuwa kuma tana jiransa. Wanda ya faɗa rijiya ba wa'azi yake bukata daga bakin rijiya ba, sai wanda zai sauka ya fid da shi. Suka ce halitta ba ta iya wannan aiki, sai Mahalicci. Idan Almasihu malami ne kawai, ko da ya fi dukan malamai, to, mutuwarsa mutuwar mutumin kirki ce, ba ta ɗauke wa kowa kome ba. Tun da fari ma Bulus manzo ya rubuta wa mutanen Korinti cewa in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarsu ta zama banza.

Musulmi ba su yarda da tushen wannan hujja ba. A wurinsu ba mai ɗaukar nauyin zunubin wani, Allah kuwa yana gafarta wa wanda ya tuba ba tare da an zub da jinin kowa ba, saboda haka abin da ɗan Adam ke bukata shi ne shiriya, ita ce kuwa annabawa suka kawo. Masu karatun sira sun san yadda aka taɓo wannan batu a fadar Najjashi Sarkin Habasha wajen shekara ta 615, sa'ad da aka tambayi Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi abin da Musulmi ke faɗi game da Isa.

Su Kirista ma ba su taɓa rabuwa da masu musun allahntakar Almasihu a cikinsu ba, kuma wani lokaci sun yi musu irin abin da aka yi wa Malam Ibrahim. A 1553 aka ƙone wani likita ɗan ƙasar Sifen, Mika'ilu Sabetus, da ransa a birnin Janeba, don ya ƙi yarda da koyarwar Allah ɗaya cikin uku. Daga baya, da ilmin zamani ya bunƙasa a Turai, sai aka sami waɗanda suka wuce Ariyus nesa. Su suka ce a bar maganar mu'ujiza gaba ɗaya, a riƙi kyawawan koyarwar Yesu kawai. Mafi shahara cikinsu shi ne Tomas Jafasan, wanda ya shugabanci Amurka daga 1801 zuwa 1809. Da ya tsufa sai ya ɗauki reza ya bi Linjila, yana yanke ayoyin da suka yi masa, yana manna su a wani littafi. Ya bar wa'azin ƙaunar maƙwabci da misalai, ya zubad da mala'iku da warkad da marasa lafiya da tashi daga matattu. Ya gama aikin a 1820, labarin nasa kuwa ya ƙare ne daidai inda aka sa gawa a kabari aka rufe da dutse.

Abin lura a nan, Isan Jafasan bai kai ko Isan Musulmi ba. Almajirin allo a Bakura ya gaskata haihuwa ba uba da ta da matattu, wannan shugaban Amurka kuwa, wanda aka haifa cikin Kirista, bai gaskata ko ɗaya ba. Saboda haka kuskure ne a ce Musulmi sun ɗauki Isa malamin tarbiyya kawai. Annabi mai wahayi dabam, mai hikima dabam.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu wani malamin jami'ar Oksfod, C. S. Luwis, ya yi wa masu ra'ayin Jafasan raddi ta rediyo, aka buga jawaban nasa cikin littafi a 1952. Ya ce mutumin da ya faɗi irin abin da Linjila ta ce Yesu ya faɗa game da kansa, har yana gafarta wa mutane zunubai, ba shi yiwuwa a kira shi malamin kirki a tsaya nan. Ko dai gaskiya ya faɗa, ko ya yi ƙarya, ko kuwa hankalinsa ya taɓu. Masu ja da shi suka ce ai gardamar tana kan ko ya faɗi maganganun ne, ko kuwa na baya ne suka sa masa a baki. Amma ko wanda bai yarda da Luwis ba zai ga ya faɗi gaskiya a wuri guda, watau addinin Kirista yadda Ikilisiya ta riƙe shi tun Nikiya ba ya tsayuwa in an zare wannan ginshiƙi.

Wannan gado ne Likita Mila ya zo da shi Zariya. Cocinsa na Ingila yana karanta shaidar Nikiya a cikin sujada, ba kuwa yadda za a yi wa baligi baftisma sai ya amsa da bakinsa cewa ya ba da gaskiya ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ga Ba'ise kuwa, wanda ya tashi da Ƙulhuwallahu a bakinsa tun yana yaro, ba wata kalma da ta fi "Ɗan Allah" nauyi a harshe. Malaman mishan suna ta bayani cewa ba haihuwa irin ta jiki ake nufi ba, amma kunnen da ya saba da tauhidi ba ya saurin sakewa.

Duk da haka waɗansu suka amsa. Suka ce wannan shi ne cikon da malaminsu ya yi musu alkawari. Aka nemi fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau ta wajen hanyar Kano, suka taru daga ƙauyukansu suka kafa gari wajen 1914, da majami'a da makaranta. Wanda ya zauna tare da su yana koya musu shi ne Rabaran W. A. Tomson, wani baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma. Waɗansu kuwa suka saurara, suka auna, suka koma gida. Su a ganinsu Malam Ibrahim bai mutu don a ce Allah yana da ɗa ba.

Garin Gimi bai yi tsawon rai ba. Akwai ƙudan tsando a bakin rafin wurin, ba a jima ba ciwon barci ya shiga cikin jama'a, ya yi ta ɗibarsu, manya da yara. A lokacin nan ba a sami maganin kirki ba tukuna, kuma sai a ƙarshen shekarun 1930 ne gwamnati ta ta da babban aikin yaƙi da cutar a wajen Ancau. Cikin 'yan shekaru garin ya watse, aka kwashe waɗanda suka ragu, akasarinsu yara, aka kai su makarantar Zariya. Ba shakka waɗanda suka ƙi zuwa Gimi sun ga abin a matsayin ishara, waɗanda suka je kuwa suka ɗauke shi jarrabawa.

A 1929 mishan ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma Wusasa, aka gina majami'ar Batalamawus da asibiti da makaranta. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Mila ya fi kowa ɗaukar nauyinsa. Shi kansa ya rasu a 1952. 'Ya'yan Isawan Gimi suna cikin waɗanda suka zama tushen jama'ar Kirista Hausawa ta Wusasa. Daga zuriyarsu ne aka sami Ishaya Audu, wanda aka haifa a Ancau a 1927, ya zama likita, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje na Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Mafi yawan abin da duniya ta fara ji game da Malam Ibrahim ta bakin Likita Mila ya fito, shi kuwa mai wa'azi ne, dole ya ga hannun Allah yana share masa hanya cikin labarin. A shekarun 1970 wani masanin tarihi, Iyan Lindin, ya sake bin diddigin al'amarin. Shi ya nuna cewa Isawa daga cikin Musulunci suka tsiro, daga ɓacin ran malaman karkara da jiran ƙarshen zamani, kuma ba daidai ba ne a lissafa Malam Ibrahim cikin Kirista. Waɗanda suka ƙi zuwa Gimi, zuriyarsu ta ci gaba da zama a ƙauyukan kan iyakar Kano da Bauci da Zazzau. Da tafiya ta yi tafiya waɗansunsu suka narke cikin sauran Musulmi, waɗansu suka shiga coci daga baya, waɗansu kuma suka riƙe sunansu na Isawa.